Gyaran Unguwannin Marasa Galihu a Sakkwato da Auna Muradun 2030: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu unguwanni, kansiloli, ƙungiyoyin ci gaban unguwa da ɗalibai suka fi yi idan ana maganar gyaran unguwa. An amsa su ne da la'akari da ƙasar Sakkwato, ruwanta da zafinta.

Wace irin unguwa ake nufi?

Ma'aunin UN-Habitat, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a, gida yake dubawa, ba sunan unguwa ba. Abu biyar ake tambaya: ko mutanen gidan na samun ruwan sha ta ingantacciyar hanya, ko suna da makewayi mai raba ƙazanta da mutane, ko ba a wuce mutum uku a ɗaki ɗaya ba, ko ginin mai ƙarko ne kuma ba a wuri mai haɗari yake ba, sai kuma ko suna zaune ba tare da fargabar a tashe su ba. Gidan da ya rasa ko da ɗaya ya shiga lissafin gidajen marasa galihu.

A birnin Sakkwato matsalar iri uku ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A tsohon gari, kewayen Kanwuri da tsofaffin ƙofofi, gidajen gado ne da aka yi ta rabawa tsakanin magada har ɗakuna suka cika, lunguna suka tsuke. A bakin gari, inda birni ya malala cikin ƙananan hukumomin Wamakko, Kware da Dange-Shuni, filayen awon igiya ne: an yanka gona an sayar, ba a bar hanyar ruwa ba, balle filin makaranta. Na uku su ne gidajen da suka gangara fadama kusa da gulbi, da kuma kangaye inda mutanen da rashin tsaro ya koro daga gabashin jihar suke fakewa.

Me ya haɗa lungunmu da Majalisar Ɗinkin Duniya?

A watan Satumba na 2015 ƙasashe 193, har da Nijeriya, suka amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17, masu ƙudurori 169, da wa'adin 2030. Muradi na 11 kan birane yake, kuma ƙudurinsa na farko, 11.1, shi ne kowa ya samu muhalli mai kyau da zai iya biya, a kuma gyara unguwannin marasa galihu. Ana auna shi da kason mazauna birni da ke cikin irin gidajen da aka bayyana a sama. Muradi na 6, na ruwa da tsafta, tare suke tafiya, domin biyu daga cikin abubuwa biyar ɗin nan nasa ne.

Akwai abin da ya kamata a sani: sharaɗi na biyar, wato tabbacin zama, galibi ba ya shiga adadin da ake fitarwa saboda ƙarancin bayanai. Unguwa na iya fita daga lissafi a takarda alhali mutanenta na kwana da tsoron jan fenti a bango.

Gyara ba wani suna ba ne na rusau?

Bai kamata ya zama haka ba. A 1990 an rushe Maroko a Legas, aka raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu, kuma yawancinsu wasu unguwannin marasa galihu suka koma. Rusau ba ya rage adadin talakawa, wuri kawai yake sauya musu, bayan ya cinye musu jari da maƙwabtaka. Hanyar da ta yi aiki ita ce gyara unguwa mutanenta na ciki, kamar yadda aka fara a Jakarta ta Indonisiya a 1969: daɓe lungu, magudanar ruwa, famfo, makewayi, ba tare da an taɓa yawancin gidaje ba.

Wannan ba ya nufin ba za a taɓa ko katanga ɗaya ba. Gidan da ke kan hanyar ruwa, ko ƙarƙashin babban layin lantarki, ko can cikin fadama inda gulbi ke hawa, ba shi da gyara sai tashi. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san gulbin Rima ba ya manta gurbinsa. Sharaɗin shi ne a tantance gidajen tun farko, a sanar a rubuce, a samar da wurin komawa kusa da sana'ar mutane, a biya diyya kafin a ɗaga guduma.

Ta ina ake farawa?

Da ƙidaya. Kafin a sayi buhun siminti ɗaya, mutanen unguwa su san su nawa ne, kuma me ke ƙasa. A fara da sanar da mai unguwa da uban ƙasa, a yi bayani a masallatai bayan salla, domin in ba haka ba jita-jitar haraji ko rusau za ta riga masu ƙidaya isa ƙofar gida. A buga hoton tauraron ɗan Adam na unguwar a babbar takarda, a ba kowane gida lamba, a rubuta ta a bakin zaure. Sannan a bi gida-gida.

Masu ƙidaya dole a samu mata a ciki. Namiji a zaure zai tsaya, maigida ya faɗa masa abin da ya ga dama. Mace ce za ta shiga ta ga makewayin da idonta, ta ji daga bakin matan gida jarka nawa ake saye a rana. A kuma lissafa iyali ta tukunya, ba ta ƙofa ba, tunda gida ɗaya na iya ɗauke da tukunya huɗu ko biyar. Manhajar KoboToolbox kyauta ce, tana aiki a waya ko babu intanet, amma littafi da biro ma sun isa in an tsara tambayoyin.

A kan taswirar a zana kowace rijiya, famfo mai aiki da matacce, juji, kududdufi, da iyakar inda ruwa ya kai a bango a daminar da ta wuce. Dattawan unguwa sun fi kowane safiyo sanin inda ruwa ke bi kafin a yi gini.

Me ya sa ake cewa magudanar ruwa ta riga titi?

Saboda ruwa ne ke yanke hukuncin tsayin komai. Ruwan Sakkwato ba shi da yawa a shekara, amma cikin 'yan watanni yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, kuma da ƙarfi. Ga lissafi mai sauƙi: rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwa na milimita 50, zai zubo lita 5,000, wato duro 25. A ninka wannan da gidajen layi ɗaya, duk indararonsu na kallon lungu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba jar ƙasa a ɗaga titi, ko a shimfiɗa kwalta, ba a auna tsayin daɓen gidaje ba. Titi ya fi zaure tudu, ruwan da ke wucewa a da ya koma shiga ɗaka. Na biyu shi ne fara ginin kwata daga ƙofar mai faɗa-a-ji maimakon daga inda ruwan zai fita. Ana farawa ne daga mafita, a hauro sama. Kwatar da ba ta da mafita tafkin sauro ce da aka gina da siminti.

Abubuwan da za a kula da su wajen aiki: gangara ta kai kusan santimita 1 a kowace mita, kada ta gaza rabin haka, in ba so ake yashi ya kwanta ba. A auna da na'urar safiyo ko tiyon ruwa, ido yana ruɗi. Kwalbatin da faɗinsa bai kai santimita 60 ba yana da wuyar yashewa, kuma shi ne ke fara toshewa. A bar ɗan rami mai zurfi kafin kowane kwalbati domin ya tare yashi, tunda iskar rani na cika kwata da rairayi ko da ba a zuba shara ba. Kankare a haɗa shi siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7. A zafin Afrilu, kankaren da ba a shayar ba zai tsage kafin damina. In za a rufe kwata, murfin ya zama wanda mutum biyu za su iya ɗagawa.

Yashe kwata a watan Mayu ake yi, kuma a kwashe abin da aka fitar a ranar. In aka tara shi a gefe, ruwan farko zai mayar da shi. Game da kududdufi kuwa, kada a yi gaggawar cike shi a yanka filaye. Shi ke riƙe ruwan unguwa, in an cike shi ruwan ba zai ɓace ba, gidan wani zai nema.

Gidanmu ƙarami ne. Yaya za a yi masai bai ɓata rijiya ba?

Ƙa'idar da aka saba ita ce tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, masai yana ta gangare, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. Zurfin ruwan ƙasa a watan Satumba ake duba shi, lokacin da ya hau, ba a bazara ba. A cikin tsohon gari mita 30 ba ta samuwa, kuma masan maƙwabci ma na cikin lissafi. Gaskiyar magana, irin wannan rijiya a bar ta ga wanki da wanka, ruwan sha a nemo shi wani wuri ko a sa masa sinadarin kilorin. Barkewar kwalara ta 2021, wadda aka yi zargin ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa, kuma ta irin wannan hanya take bi.

Girman rami: mutum ɗaya na tara lita 40 zuwa 60 a shekara. Gida mai mutum 10, a shekara 5, na buƙatar kimanin lita 2,500. Zagayayyen rami mai faɗin mita 1.2 zai kai zurfin mita 2.2 ke nan, a ƙara rabin mita na sarari a sama. A ƙasa mai rairayi a gina jikin ramin da bulo, ana barin kafofi a ƙasa, a toshe na sama gam, domin daga baki rami ke ruftawa. Bututun iska mai inci 4 ya zarce rufi da rabin mita, a ɗaure masa raga a kai, shi ke janye wari ya kama ƙuda. Ruwan wanka a yi masa nasa sokawe daban, in an haɗa su ramin zai cika da wuri.

A ma'aunin duniya, makewayin da iyalai biyu ko fiye ke amfani da shi ba ya kai matakin da ake nema, ko da mai kyau ne. Haka kuma aikin bai cika ba sai an san inda masu yasar masai ke zubar da abin da suka kwaso. In a kwata ko bakin gulbi ne, ƙazantar ta bar gida ta koma kan kowa.

An yi mana rijiyar burtsatse, shekara ɗaya ta mutu. Me ke jawo haka?

Da wuya a ce ruwan ƙasa ne ya ƙare. Yawanci an sa injin da ya fi ƙarfin rijiyar, ya ja ruwa ya ƙone, domin ba a yi gwajin yawan ruwan da take bayarwa ba. Unguwa mai mutum 1,000, a kan lita 20 ga kowa, na buƙatar lita 20,000 a rana. Injin sola na samun kamar awa 6 na cikakken aiki, don haka dole rijiyar ta iya ba da fiye da lita 3,000 a awa. Ku nemi takardar gwajin daga ɗan kwangila kafin ku karɓi aiki, tare da sakamakon gwajin ingancin ruwa.

Sauran dalilan ƙanana ne amma su ke kashe aiki: ƙurar hunturu ta rufe farantan sola ba mai gogewa, an sace waya, kan famfo ya lalace ba mai saya. Duk wannan magana ce ta kuɗin gyara. A sa ɗan kuɗi kan kowace jarka tun ranar farko, a buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. A jawo 'yan garuwa cikin tsarin, su ne manyan masu saye, kuma su ke kai ruwa ga matan da ba sa fita.

Inda ruwan famfon gwamnati ke zuwa, a duba bututun da aka bi da shi ta cikin kwata. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa, bututu mai tsaga na zuƙo ƙazanta, in an dawo da ruwa ya kai ta randa.

Gidan ƙasa ana lissafa shi cikin marasa ƙarko?

Ya danganta. Binciken gidaje da hukumomi ke yi kan duba abin da aka yi daɓe, bango da rufi da shi, kuma daɓen turɓaya na ja wa gida ƙasa a lissafi. Amma ginin ƙasa da aka kula da shi ya fi na bulo da kwano sanyi a garin da zafi ke wuce digiri 40. Abin da ke kayar da shi ruwa ne a gindi. A ɗora bango a kan tushen dutse ko bulo da ya ɗara ƙasa da santimita 30 zuwa 45, a tsawaita indararo, a yi daɓen siminti a ɗaka, a sabunta yaɓe kafin damina. Rufin kwano kuma a ɗaure katakonsa da bango da waya ko ƙarfe, saboda iskar farkon damina.

Ba mu da takardar mallaka. Za a sa mu cikin gyara?

Ya kamata. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka a birni. Amma sashe na 34 ya amince da wanda ya riga ya gina filinsa a birni kafin dokar, kamar yana riƙe da izini. Wannan ya shafi gidajen gado da yawa na tsohon gari. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, na 29 kuma ya tanadi diyya kan abin da aka gina ko aka shuka a kai.

A adana takardar ciniki mai shaidu, takardar rabon gado ta kotu, da duk wani rasit mai ɗauke da adireshin gidan. Ya fi sauƙi unguwa ta tunkari ma'aikatar filaye a dunƙule, da taswirarta da jerin sunaye, a kan kowa ya je shi kaɗai. A lura da sunayen mata magada, domin wajen rajista ne kason 'ya mace ke narkewa cikin sunan yayanta.

Masu haya fa?

Su ne aka fi mantawa. Da an daɓe lungu an kawo ruwa, kuɗin haya zai tashi, wanda aka yi aikin dominsa ya tattara ya koma bakin gari. A rubuta su cikin ƙidaya da sunansu, a ba su kujera a kwamiti, a kuma nemi masu gidaje su amince a gaban mai unguwa cewa ba za a yi ƙari ba na wani lokaci.

Wa zai biya?

Rabon da aka gwada a unguwar Orangi ta birnin Karachi tun 1980 ya dace da mu. Mutanen kowane layi suka tara kuɗi suka gina makewayi da bututun layinsu, babban bututu kuma ya zama alhakin hukuma. Aikin gayya da karo-karo na iya ɗaukar kwatar lungu, sokawe da kwashe shara. Ba za su iya babbar magudanar ruwa da kwalbatin babban titi ba, kuma bai dace a ɗora musu ba. Kada layi ya fara nasa sai an tabbatar da inda zai haɗu da babbar.

Daga ina alƙaluman Nijeriya ke fitowa, kuma me ya sa ba a ganin unguwarmu a ciki?

Daga binciken gidaje na ƙasa: wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021, da na lafiya da yawan jama'a wanda Hukumar Ƙidaya ke yi. Ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan muradun shi ke haɗa rahoton da ake kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya, kamar na 2017 da na 2020. Waɗannan bincike samfuri ake ɗauka, don haka suna magana kan jiha, ba mazaɓa ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma tun 2006 aka yi ta, lokacin da wasu unguwannin yau suna gonakin gero.

Rahoton talauci mai fuskoki da yawa na 2022 ya nuna kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, mutum miliyan 133, na ciki, Sakkwato kuma ita ce kan gaba da kusan kashi 91. Adadi ne mai nauyi, amma ya haɗa birni da ƙauye, ba zai gaya wa injiniya layin da zai fara ba. Har wa yau, ma'aunin duniya na yanzu yana lissafa ruwan da ake kawowa a kura ko tanka cikin ingantattun hanyoyi. Gidan da ke ƙarar da abin cefane wajen mai ruwa zai iya fitowa a takarda kamar ba shi da matsala.

To yaya unguwa za ta auna ci gabanta da kanta?

A auna abin da ya isa gida, ba aikin da aka ƙaddamar ba. Yawan rijiyoyin da aka haƙa ba ma'auni ba ne. Ma'auni shi ne mutum nawa ke samun ruwa cikin minti 30, zuwa da layi da dawowa. A maimaita tambayoyin ƙidayar farko ba tare da sauya kalma ba, sau biyu a shekara: Afrilu, lokacin da ruwa ya fi wuya, da Satumba, lokacin da kwata da masai ke nuna halinsu. A ƙara kuɗin jarka, kwana nawa famfo ya yi a mace, gida nawa ruwa ya shiga, da kuɗin haya.

Wajen lissafi, iyalin da ya rasa abu uku sau ɗaya ake ƙirga shi, kuma mutane ake ƙirgawa, ba ƙofofi ba. A rubuta kaso da adadi tare. Misali, unguwa mai mutum 10,000 da kashi 60 ke cikin matsala tana da mutum 6,000. In ta girma zuwa 14,000 kason ya sauka zuwa 50, mutanen sun zama 7,000. Kaso ya ragu, masu wahala sun ƙaru. Sakamakon a liƙa shi a ƙofar mai unguwa, a kai kwafi ga kansila da ƙaramar hukuma, amma a cire sunayen mutane.

Za a cimma wa'adin 2030?

A yadda ake tafiya, da wuya. Mutum fiye da biliyan 1 ne ke zaune a irin waɗannan unguwanni a duniya. A gida, dokar shugaban ƙasa ta 2019 ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina bahaya a fili, kuma ba a kai ba, ko da yake Jigawa ta samu shaidar kaiwa ga haka a 2022, abin da ke nuna jihar Arewa na iyawa.

Abin da ke hannun unguwa shi ne jadawalin shekara. A yi ƙidaya da taswira da zarar ruwa ya ɗauke, alamar ambaliya na nan a bango. A miƙa buƙatar babbar magudanar ruwa a rubuce kafin a gabatar da kasafin kuɗin jiha a ƙarshen shekara. Daga Disamba zuwa Maris a yi haƙa da gini, Afrilu a auna ruwan sha, Mayu a yashe kwata, Satumba kuma a sake bin gidajen da aka ba lamba.